Takarda ta Ashirin

"Tsaya cak, kada ki motsa, sai na soke ki," in ji Uwar Biyu, allura a bakinta.

Lauya ta tsaya a barandar kotu rungume da fayil, kamar yarinyar da ake yi wa awon kayan makaranta. Maɓallin sama na baƙar rigarta ne yake reto da zare ɗaya tak. Tun daga bakin matakala Uwar Biyu ta hango shi, kuma kun san halin teloli, ko gaisuwar mutuwa suka je idonsu yana kan ɗinkin jama'a. Shekara goma sha bakwai tana taka keke a layin teloli na kasuwa. Ba za ta iya zama a bayan lauyar mijinta tana kallon maɓalli yana lilo ba.

"Yaya, ki bar shi, yanzu za a kira mu."

"Wancan zuwan ma yanzu kika ce, rana ta raba tsaka muna nan."

Inna, uwar mijin, tana zaune a benci ta miƙe ƙafafunta masu ciwo. Ta ce, "Bar ta ta ɗinke miki, 'yata. Su ne ba su da kunya. Mu dai mu shiga da mutuncinmu."

Wannan shi ne zama na biyar. Baban Biyu ɗan jarida ne. Ya yi rubutu a kan injin wutar wani asibitin gwamnati da aka saya sau uku a takarda, alhali likitoci suna ɗinke mutane da fitilar waya. Wata Talata da hantsi mutum huɗu cikin kayan gida suka hau ofishinsu, suka ce ya zo ya amsa tambaya biyu ya dawo. Ya bar shayinsa a kan tebur. Yau mako goma sha tara ke nan. Ba a tuhume shi da komai ba, ba a kai shi gaban kowane alƙali ba. Lauya ta shigar da ƙara cewa a kawo shi ko a sake shi, kuma a kowane zama lauyan gwamnati yakan miƙe, ya gyara tabarau, ya ce sun bincika ko'ina, babu mai wannan suna a hannunsu.

Alhali kowa ya san inda yake. Akwai wani dogon gini a bayan tsohuwar tashar mota, katanga ta yi biyun mutum, babu allo babu rubutu. Duk wanda ya je ƙofar neman ɗan'uwansa amsa ɗaya ake ba shi, har mutanen gari suka raɗa wa gidan suna Babu-Kowa. Kwandastan bas ma haka yake kira: "Akwai mai sauka Babu-Kowa?"

Zaren da ke jikin allurar fari ne, rigar kuwa baƙa. Uwar Biyu ta ciro gwangwanin maɓallanta daga jaka, wani tsohon gwangwanin alawa da ba ta rabuwa da shi, ta ce wa Lauya, "Riƙe min." A ciki akwai maɓallai, da ƙananan zarurruka, da wasu 'yan takardu a naɗe da roba, an soka allurai uku a jikin ta sama don kada su ɓace.

Lauya ta kalli takardar saman ne kawai don babu abin kallo. Sai ta matso da gwangwanin kusa da fuskarta.

"Yaya, wannan hatimin na ina ne?"

Uwar Biyu ba ta ɗago ba. "Na Baba Sito ne."

"Waye Baba Sito?"

"Ki daina motsi."

Lauya ta zare robar. Takarda goma sha tara, kowace girman tafin hannu, da rubutu mai kyau irin na mutanen da, kowace da kwanan wata. A sama cikakken sunan Baban Biyu. A ƙasa zagayayyen hatimi shuɗi, ɗauke da sunan hukumar da ta yi zama huɗu tana rantsuwa ba ta san shi ba.

To, ga yadda abin yake. A jikin katangar Babu-Kowa, ta gefen da ake zubar da shara, akwai wata 'yar taga ta ƙarfe. Ranar Alhamis daga ƙarfe biyu zuwa huɗu takan buɗe. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Wata mata ce ta raɗa wa Uwar Biyu a cikin bas, a makon farko, da ta ga idonta. A bayan tagar akwai wani tsoho da ya yi rayuwarsa duka yana tsaron sito kafin a turo shi nan. Yana karɓar wando ɗaya, riga ɗaya, sabulu, da maganin mako guda ga mai ciwo, ya miƙo kayan dattin makon jiya. Kuma da yake shi ɗan sito ne, hannunsa bai iya karɓar abu ba tare da ya rubuta ya buga hatimi ba.

"Mako goma sha tara!" Lauya ta rage murya da ƙyar. "Yaya, mako goma sha tara ina shan rana ina neman shaida, ashe tana cikin gwangwanin alawa kina soka mata allura?"

"Kin tambaye ni ko na gan shi, na ce a'a. Kin tambaye ni ko an ba ni takardar tsarewa, na ce a'a. Ƙarya na yi?"

Ba ƙarya ta yi ba, amma ba duka gaskiyar ke nan ba. Matan da ke layi a tagar, su goma sha ɗaya ne, suna da ƙa'idarsu da ba wanda ya kafa: ba a zancen taga a gaban mai fayil.

Inna ta riga ta miƙe, ta manta da ciwon ƙafa. Ta dafe gwangwanin da hannu. "A'a. Mayar mata da abinta. Ke yarinya ce, ba ki san komai ba. Kina kai wannan ciki, kafin ki fito sun rufe tagar. Hawan jini gare shi, irin na ubansa. Uban kwana tara ya yi ba magani, ranar na goma ya faɗi a bakin rijiya, ko kalma bai sake yi ba. Ta ina ƙwayar za ta shiga in an rufe?"

Lauya ta dube ta. Yarinya ce da gaske, ba ta kai talatin ba, kuma manyan lauyoyi uku sun ƙi karɓar shari'ar kafin ita. Amma ba ta iya daɗin baki ba, abin da ya sa Uwar Biyu take sonta ke nan.

"Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Za su iya rufewa. Kuma ba zan ce yau za a sake shi ba. Abin da na sani, mutumin da babu shi a takarda, duk abin da ya same shi bai sami kowa ba. In kotu ta rubuta yana hannunsu, dole wata rana su nuna shi, da ƙafarsa. Amma ba ni da iko da takardun nan. Na Yaya ne."

Uwar Biyu ta zura baƙin zare a allura, ta ƙulla, ta kama maɓallin. Sau shida take zagaya maɓalli, ba ta ragewa ko ana gobara. Tana ɗinki tana lissafi irin nata.

A can ciki ba a barin mutum da bel ko mazagi, don haka ta riƙa ɗinka masa wando da maɓalli uku a jere a ƙugu, tsakanin kowanne inci ɗaya. In kayan datti suka dawo, takan duba wanne ne zarensa ya ja, ta san inda ƙugun mijinta ya kai. Wannan ita ce wasiƙar da take samu duk mako. Ya shiga ƙugunsa yana inci talatin da takwas. Yanzu talatin da uku ne, a maɓallin tsakiya.

Sannan ta tuna matar malamin makaranta, wata doguwa mai yawan dariya da ke gabanta a layi. Mako uku da suka wuce aka miƙo mata ƙunshinta yadda ta kawo shi, ba a kwance ba. Baba Sito bai iya kallonta ba. Daga ranar babu wanda ya san inda aka kai mutumin, kuma ba shi da fayil a kowace kotu. Tagar tana nan a buɗe, ba ta hana komai ba.

Ta gama zagaye na shida, ta naɗa zaren a wuyan maɓallin, ta sa haƙori ta datse. Ta cire alluranta uku daga takardar sama ta soka a bakin mayafinta.

"Ɗauki," ta ce.

"Uwar Biyu!" in ji Inna.

"Na ji, Inna."

Ɗakin shari'ar yana da fanka huɗu, ɗaya ce ke juyawa. Lauyan gwamnati ya miƙe, ya gyara tabarau, ya faɗi abin da ya saba faɗa da muryar da ya saba. Lauya ta miƙe ta ce tana da abin da za ta nuna wa kotu. Magatakarda ya kai wa alƙali takardun.

Alƙalin dattijo ne mai jinkiri, irin wanda in yana karatu leɓensa ke motsi. Ya ɗaga ta farko ya duba ta a hasken taga. Ya ɗaga ta biyu. Bai tsallake ko ɗaya ba, har goma sha tara, kotu ta yi tsit sai ƙarar fankar nan. Sannan ya karanta ɗaya a fili.

"An karɓa domin wanda ake tsare da shi a ɗaki na shida: wando ɗaya, riga ɗaya, sabulu ɗaya, ƙwayar magani bakwai." Ya leƙo lauyan gwamnati ta saman tabaraunsa. "Lauya, mutumin nan da babu shi, wando yake sawa?"

Aka yi dariya a baya, magatakarda ya tsawatar. Lauyan gwamnati bai yi dariya ba, bai kuma ji kunya ba. Ya ce wannan sabon abu ne gare shi, hatimi kuwa kowa na iya sassaƙawa a kasuwa, yana roƙon lokaci ya tuntuɓi waɗanda suka turo shi. Alƙali ya yi rubutu mai tsawo. Ya ce kotu ta karɓi takardun, ta kuma ba da umarni a kawo mutumin gabanta a zama na gaba. Ya buɗe littafinsa yana neman rana, yana juya shafi, yana juya shafi. Ya ɗage zaman zuwa mako shida.

Uwar Biyu ta waiwaya. Wani mutum mai riga ruwan toka da ke zama a bencin ƙarshe duk zama ya riga ya kai ƙofa, waya a kunnensa.

A baranda Lauya tana ta magana, fuskarta kamar an kunna fitila, wai wannan ne karon farko da aka rubuta yana hannunsu. Inna ba ta kalle ta ba. Uwar Biyu ta juya ta kalla, ta jefa mata tambaya.

"Mako shida. Kwana nawa ke nan?"

"Arba'in da biyu."

"Ƙwaya nawa ce a jakarki?"

"Bakwai."

"To, kin ci kotu," in ji Inna. "Sai ki jiƙa takardar ki aika masa ya sha."

Uwar Biyu ta duba lokaci. Agogon barandar ya nuna ɗaya saura kwata, kuma yau Alhamis ce, ranar taga. Ta riƙe tsohuwar har bakin titi, ta saka ta a bas ɗin unguwarsu, ta ce wa kwandasta ya sauke ta a daidai famfo, kada ya wuce da ita. Ta leƙa ta taga ta ce, "In 'yan biyu sun dawo makaranta, abincinsu na cikin kula." Inna ta juyar da kai.

Daga nan ta tsallaka kantin magani. Mai kantin ya san ta, tun kafin ta yi magana ya ɗauko almakashi zai yanko bakwai.

"Talatin da biyar za ka ƙara min."

Ya tsaya da almakashi a sama. "An sake shi ne?"

"A'a."

Ya dube ta, ya dubi titi, ya yanko mata bai ƙara tambaya ba. A garin nan mutane sun iya rashin tambaya.

Shagonta na uku ne a layin teloli, faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma ɗaya ba: keke, teburin yanka, da igiyar da ake rataye kayan da aka gama. Ta buɗe, ta ja labule, ta zazzage ƙunshin yau a kan tebur. Ta ɗauki wandon, ruwan ƙasa, wanda ta goge jiya, ta juya cikinsa waje.

Duk wandunan Baban Biyu na talatin da takwas ne. Da ya fara ramewa ta riƙa rage su, amma ba ta taɓa yanke rarar yadin ba. Kowane tela zai ce miki a yanke, ɗinki ya fi kwanciya. Ita naɗewa take yi ta danne a cikin ƙugu ta baya, don in ya fito ya mayar da jikinsa, sai ta warware kawai. Inci biyar na yadi, ninki biyu, yana kwance a wurin ba aikin komai.

Ta sa reza ta farke. Ta ɓare ƙwayoyin daga ledarsu mai ƙara, ta yayyanka farar leda mai laushi, ta naɗe kowace ƙwaya ita kaɗai saboda gumi. Keke ba zai yi wannan aikin ba, ƙafarsa za ta murƙushe su. Da hannu ta yi, layi biyar, kowane layi bakwai, kowace ƙwaya da ɗan ɗakinta, yadda in ya farke ɗaya sauran ba za su zubo ba.

Maƙwabciyarta mai sayar da zare ta ɗaga labule ta leƙo. "Uwar Biyu, yau ba gaisuwa? Mai rigar bikin nan ta zo sau biyu, ta ce in ba ki gama ba za ta kai ki ƙara."

"Ta kai. Na san hanya."

Mai zare ta ga abin da ke kan tebur. Ta saki labulen, sai ga shi ta ja kujerarta ta zauna a daidai ƙofar shagon, tana ce wa duk wanda ya nufo, "Ba ta nan, ta je kotu."

Ko Baban Biyu zai gane akwai abu a ciki, wannan bai dame ta ba. Mutumin da in ƙullin zare ɗaya ya taɓa masa ƙugu sai ya yi kwana uku yana mita, yana cewa ya auri tela amma yana yawo da tsakuwa a wando. Zai gane kafin ya gama saka maɓalli.

Uku da minti goma ta rufe ɗinkin. Ta shafa. Ya yi kauri, babu yadda za a yi. Ta ninke wandon, ta ɗora riga, sabulu, da ƙwaya bakwai na ƙa'ida a ledarsu.

Bas ya tsaya a cunkoso wajen gada, wata motar yashi ta mutu a tsakiyar hanya. Ta jira minti biyar, ta sauka ta kama tafiya da ƙafa, ƙunshi a hammata, ba ta gudu don mai gudu a wannan unguwa ana tambayarsa dalili. Ta wuce tsohuwar tasha, ta bi jikin katanga, ta sha kwanar shara.

Tagar a buɗe take. Babu layi, matan sun gama sun tafi. Baba Sito yana zaune a inda ya saba, gajere, da furfura a gira, littafinsa a gabansa da rula da takardar kwafi. Amma yau akwai wani a tsaye a bayansa, jingine da bango, wani jami'i mai ƙiba yana latsa waya.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, 'yata. Kin makara yau."

Ta yi niyyar ta miƙa kayan kawai ta yi shiru. Bakinta ne ya ƙi. "Baba, na kai takardunka kotu."

"Na sani. An kira ni sama tun ɗaya da rabi." Yana maganar yana daidaita takardar kwafi a ƙarƙashin shafi, kamar labarin wani yake bayarwa. "Suka ce wa ya ce in riƙa ba da takarda. Na ce shekara talatin da ɗaya ina aiki, ko tsintsiya ban taɓa karɓa ba tare da takarda ba. Ba wanda ya ce in bayar, ba wanda ya ce in daina."

"Sai aka ce me?"

"Ƙarfe huɗu in miƙa hatimi da littafi. Gobe za a yi wa tagar walda. Ni kuma an mayar da ni gadin motoci, wai in sha iska kafin ritaya." Ya ɗago. "Ƙarfe nawa a wayarki?"

"Huɗu saura kwata."

"To, me kike jira? Miƙo."

Jami'in ya ɗago kai daga wayarsa. "Tsoho, ba an ce an rufe ba?"

"An ce ƙarfe huɗu, ranka ya daɗe. In an canja, a ba ni a rubuce."

Jami'in ya yi tsaki ya koma wayarsa.

Baba Sito ya kwance ƙunshin. Yana da yadda yake bincike, kuma bai taɓa sassauta wa kowa ba: yakan bi kowane ɗinki da babban yatsa da manuni, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a hatsi. Ya bi wuyan riga, ya bi hannuwa, ya bi gefe. Ya soka tsinke a sabulu. Ya ƙirga ƙwaya bakwai. Ya ɗauki wandon, ya bi ƙafar dama, ya bi ta hagu, ya hau ƙugu.

Yatsunsa suka tsaya.

Uwar Biyu ta kalli ƙarfen tagar. An taɓa yi masa shuɗin fenti, yanzu duk ya ɓare. Ta ga yatsun tsohon sun ci gaba, kaɗan-kaɗan, suna tsayawa suna tafiya, layi ɗaya, layi biyu, har biyar. Leɓensa yana motsi.

"Ɗinkin yau ya yi kauri," ya ce.

Jami'in ya matso. "Wani abu ne?"

"Ya rame ne, Baba," in ji Uwar Biyu. Muryarta ta fito daidai, har ta yi mamaki. "Rarar yadin ce na naɗe a ciki. Ban yanke ba."

Baba Sito ya ɗan jima yana kallon wandon. Sannan ya ninke shi, ƙugun a ciki, ya ɗora riga a kai.

"Haka ake yi," ya ce. "Ba a yankewa. Mutum yakan mayar da jikinsa."

Ya ɗauki biro, ya ɗora rula, ya rubuta suna da kwanan wata. Wando ɗaya. Riga ɗaya. Sabulu ɗaya. Ƙwayar magani bakwai. Ya duba abin da ya rubuta, babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Ya ɗauki hatimin, ya danna shi a tawada sau biyu, ya hura masa iska, ya ɗora a kan takardar ya tashi tsaye ya danna da nauyin jikinsa duka. Ya yage ta a bakin rula ya miƙo, tare da ledar kayan datti.

"Adana wannan. Ta fi sauran fitowa."

"Baba, ka yafe ni."

"Matsa, zan rufe. Sai na kai kayan ɗaki na shida da hannuna kafin huɗu, kuma ƙafata ba ta sauri."

Ya rungumi ƙunshin, ya ja ƙarfen. Ta ji ƙarar sakata, sannan ta ji takunsa yana nisa, yana jan ƙafa ɗaya.

Ta tsaya a wurin kaɗan. Alhamis mai zuwa mata goma za su zo da ƙunshinsu su tarar da walda, kuma sai an sami wanda zai tsaya ya gaya musu dalili. Ta san ita ce. Za su zage ta, wata ma ta kai mata hannu. In sun gama, za ta tambaye su inda suke ajiye nasu takardun, ta ba su lambar Lauya.

A bas ta sami wuri a baya, kusa da wata mata mai kwandon kayan miya a cinya. Ta buɗe gwangwanin ta saka takardar ita kaɗai a ƙasa. Ba ta soka mata allura ba. Sannan ta kwance ledar, ta ciro wandon makon jiya. Warin ɗakin ya taso, warin gumi da siminti mai laima, matar ta ɗan kawar da hanci. Uwar Biyu ta juya ƙugun ta kai shi hasken taga. Maɓallin farko lafiya lau. Na uku lafiya lau. Na tsakiya ne zarensa ya ja, kamar makon jiya. Bai ragu ba.

"Ke tela ce?" in ji matar.

"Eh."

"Gyara aka ba ki? Ai da sun wanke kafin su kawo."

"Ba gyara ba ne. Awo nake."

Matar ta dube ta, ta dubi wandon, ta ga babu tef babu mutum, ta gyara kwandonta.

Wannan ne awon ƙarshe. Nan da mako shida, in sun bi umarnin alƙali, zai buƙaci wandon da zai tsaya da shi a gaban kotu, kuma ba ta da hanyar sanin inda ƙugunsa zai kai. Ta sake buɗe gwangwanin, ta tona da yatsa, bas yana jijjiga ta, har ta sami maɓalli huɗu iri ɗaya.